A Ba Mata Bakin Magana A Taron Ma'aikata

Yau da wuya mutum ya shiga makaranta, ko asibiti, ko ofishin ƙaramar hukuma a ƙasar nan ya rasa samun mace a bakin aiki. Wannan al'amari kuwa bai daɗe da samuwa ba. Sai a shekarar 1930 gwamnati ta buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, a 1939 kuma aka kafa makarantar horon malamai mata a Sakkwato. Sa'ad da aka yi zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma na Arewa sai da suka jira shekara ashirin, har zaɓen 1979, kafin su sa hannu a zaɓen ƙasa baki ɗaya. In an dubi inda aka fito, tilas a ce an yi nisa.

Amma akwai wani abu da ya rage, ku malaman makaranta da akawunan ofis ku ne shaidunsa. In aka kira taron ma'aikata, maza kan cika kujerun gaba, mata su taru gefe guda can baya kusa da ƙofa. A yi awa biyu ana muhawara, a tashi ba a ji muryar ko ɗaya daga cikinsu ba, in ban da amsa sallama da amin ɗin addu'ar rufe taro. Sa'an nan akawu ya ɗauki alƙalami ya rubuta cewa kowa ya yarda.

To, abin da mu ke so mu faɗa shi ne, ɗaukar mace aiki rabin al'amari ne, ɗaya rabin shi ne jin shawararta. Hukumar da ke biyan malama albashi, kuɗin ilminta da hankalinta ta ke biya duka. In ta karɓi aikin hannunta ta bar abin da ke cikin kanta, ta yi asarar rabin kuɗinta. Nauyin gyaran wannan kuwa ya fi rataya a wuyan mai shugabancin taro da mai rubuta abin da aka tattauna.

ME YA SA SU KE YIN SHIRU?

Dalili na fari shi ne kunya. Tun yarinya tana ƙarama a ke koya mata kada ta ɗaga murya gaban manya, kada ta haɗa ido da namiji, kada ta tanka in babba na magana. Macen da ta tashi a gidan da ba a faɗin sunan miji ko na ɗan fari, ita ce a ke so rana ɗaya ta miƙe gaban maza ashirin ta ce wa hedimasta lissafinsa bai yi daidai ba. Kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Sai dai wanda kunya ta hana shi magana ba wai ba shi da abin faɗa ba ne. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, aikin shugaba ne ya bincika ya san abin da shirun ya ƙunsa.

Dalili na biyu shi ne ƙarancinsu a wurin, da irin tsarin da a ke bi wajen yanke shawara. Wannan kuwa bai tsaya ga ƙasarmu ba. A 2012 waɗansu malaman jami'a a Amurka, Christopher Karpowitz da Tali Mendelberg da wani abokin aikinsu, sun buga sakamakon wata jarrabawa da suka yi. Sun rarraba mutane ƙungiya ƙungiya, ko wace ƙungiya mutum biyar, suka ba su matsala su tattauna su yanke hukunci. Inda mata suka yi kaɗan, kuma aka ce rinjaye za a bi, lokacin da mace ta samu ta yi magana bai kai kashi uku cikin huɗu na wanda namiji ya samu ba. Amma inda aka ce ba za a tashi ba sai bakin kowa ya zo ɗaya, wannan rata ta gushe. Watau da aka sauya ƙa'idar taro, sai bakin mata ya buɗe.

Dalili na uku shi ne katse magana. A 2017 an binciki yadda a ke sauraron shari'a a Kotun Ƙoli ta Amurka, aka tarar alƙalai maza su kan katse abokan aikinsu mata wajen ninki uku na yadda su ke katse junansu. Ɗaya daga cikin alƙalan, Mai Shari'a Sonia Sotomayor, ta faɗa a 2021 cewa irin wannan bincike na cikin abin da ya sa aka gyara tsarin tambayoyi a kotun. In mace mai wannan daraja ba ta tsira daga katsewa ba, ina ga malamar aji uku da ta fara aiki bara?

Dalili na huɗu kuwa namu ne na gida. Sau da yawa ba a ɗakin taro a ke yanke shawara ba. An riga an gama ta jiya a majalisar ƙofar gida bayan sallar Magariba, ko a teburin mai shayi, wuraren da mace mai mutunci ba ta zama. Da safe sai a zo taro a buga hatimi kurum. Ga kuma taron da a kan kira bayan an tashi aiki, daidai lokacin da uwa ta ke tunanin ɗauko yara da ɗora tukunya.

Dalili na biyar shi ne sakamakon da mai magana kan samu. Namiji in ya tsaya kan ra'ayinsa sai a ce mai gaskiya ne, ba ya tsoro. Mace in ta yi haka sai a ce ta cika baki, ko fitsararriya ce. Wadda ta ga abin da aka yi wa 'yar'uwarta, ita ma sai ta kama bakinta.

ABIN DA A KE ASARA

Wani zai ce, to, in sun yi shiru me ya ɓaci? Bari mu kawo misalai uku daga cikin ƙasar nan.

Na ɗaya shi ne labarin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. An haife ta a Kwali ta ƙasar Gwari wajen 1925, ta koyi ginin tukwane da hannu wurin danginta mata, ba ta yi karatun boko ba. Wani Baturen Ingila, Michael Cardew, wanda gwamnati ta ɗauka don ya kyautata sana'ar tukwane, ya ga randunanta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Da ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a Abuja ta da, wadda yanzu a ke kira Suleja, maza aka fara ɗauka, ana koya musu ƙera kofuna da faranta a kan na'urar juya yumɓu. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da na'urar kamar kowa, amma ba a ce ta watsar da abin da ta zo da shi daga gida ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, tana yi musu zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada, sa'an nan a shafa musu ruwan ƙyalli irin na tangaran a gasa su da wuta mai tsanani. Waɗannan randuna su suka fi ɗaukaka sunan makarantar sa'ad da aka kai kayanta nuni a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, daga baya aka sa wa makarantar sunanta. Da shugaban wurin ya ce mata ta yi shiru ta yi abin da maza ke yi kurum, da an sami ƙarin mai yin kofi guda ɗaya, an rasa Ladi Kwali.

Na biyu shi ne yaƙi da cutar shan inna. A 2003 an dakatar da rigakafi a Kano saboda zargin da ya bazu game da maganin, sai a 2004 aka koma. Daga nan aka sha fama shekara da shekaru. Kowa ya san namiji baligi ba ya wuce zaure a gidan da ba nasa ba, saboda haka mata su ne suka riƙa shiga gida gida da maganin. Su ne suka ga jariran da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki, su ne kuma suka ji daga bakin iyaye mata dalilin ƙin karɓa. Wata mijinta ne ya hana kafin ya fita. Wata kuwa cewa ta ke, don me kullum maganin shan inna a ke kawowa kyauta, alhali zazzaɓi da gudawa ke kashe 'ya'yansu ba mai kawo magani? Irin wannan labari ba ya cikin fayil, yana bakin wadda ta shiga gidan. Jami'in da ya tara ma'aikatansa da yamma bai bar matan sun yi bayani ba, da ka ya ke tsara aikin gobe. An ga mai ɗauke da cutar ta daji na ƙarshe a Borno a 2016, ran 25 ga Agusta 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar cewa Afirka ta rabu da ita. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Na uku ya faru a Legas. Ran 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka daga jirgin sama daga Laberiya ba shi da lafiya, aka kai shi wani asibiti mai zaman kansa. Babbar likita a wurin, Dokta Ameyo Stella Adadevoh, ta yi zaton cutar Ebola ce, ko da ya ke ba a taɓa ganinta a Nijeriya ba. Mutumin ya nace sai ya fita, daga waje kuma aka matsa lamba a sallame shi ya tafi wani taro a Kalaba. Ta ce ba za a sallame shi ba, shugabannin asibitin suka tsaya bayan maganarta. Gwaji ya tabbatar da zatonta. Ita kanta ta kamu, ta rasu ran 19 ga Agusta. A ƙarshe mutum 20 cutar ta kama a ƙasar nan, 8 suka mutu, ran 20 ga Oktoba aka ba da shelar an shawo kanta, alhali a Gini da Laberiya da Saliyo ta kashe fiye da mutum 11,000. Jaruntakar likitar ba ta da shakka. Amma a lura, jaruntaka ta yi amfani ne domin abokan aikinta sun saurare ta.

Masana ma sun auna wannan al'amari. A 2010 wata malama mai suna Anita Woolley da abokan aikinta sun jarraba mutum 699, suka haɗa su daga biyu biyu zuwa biyar biyar, suka ba su ayyuka iri iri. Sun tarar samun haziƙi guda ɗaya cikin ƙungiya bai isa ya sa ta yi fice ba. Ƙungiyoyin da suka fi cin nasara su ne waɗanda magana ke zagayawa a cikinsu daidai wa daida, waɗanda mutanensu ke lura da halin da juna ke ciki, da waɗanda mata suka fi yawa a cikinsu. Inda mutum ɗaya ko biyu suka kankane magana, aikin ƙungiya ya kan lalace. Ashe kakanninmu da suka ce shawara ɗaukar ɗaki ce sun san abin da su ke faɗa.

AMSA GA MASU JA

Waɗansu za su ce wannan ba al'adarmu ba ce, baƙon abu ne. Sai mu ce su koma ga tarihi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta yi aikin ilmi tare da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo. Ita ce ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, tana naɗa mata masu hankali a matsayin jaji, ta ba su malfa alamar muƙami, su riƙa kawo matan ƙauyuka ɗaukar karatu, su koma su koyar. Tun kafin wannan kuma masarautun Hausa suna da sarautun mata, kamar Magajiya da Iya da Innar Gobir. Saboda haka mace mai faɗa a ji ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

Waɗansu kuma za su ce, ai ba wanda ya hana su, ƙofa a buɗe ta ke. Wannan magana ba ta isa ba. In ka ajiye wa baƙo ƙwaryar tuwo ba ka ce masa bismilla ba, mai kunya ba zai sa hannu ba, kai kuwa ba ka da ikon cewa ya ƙoshi. Wadda aka yi shekara ashirin ana koya mata shiru, sai an kira ta da suna an tambaye ta.

AIKIN SHUGABAN TARO

Hedimasta ko shugaban ofis da ke son gyara, ga abubuwan da ba su bukatar ko kwabo.

Ya raba ajanda tun ana jibi taro, domin mai jin nauyin magana ta samu ta shirya. Ya sa taro cikin lokacin aiki, ya kuma tashi kan lokaci. Ya gyara zama yadda kowa zai ga fuskar kowa, ko da mata sun fi son zama gefe guda, gefen ya zama kusa da tebur.

Kada ya fara faɗin ra'ayinsa. In babba ya riga ya yi magana, sauran sai "haka ne, ranka ya daɗe". Ya fara da ƙanana, ya bi da bi har a zo kansa. Ya yi ƙoƙari kuma mace ta kasance cikin masu buɗe magana. Wani bincike da aka buga a 2018 kan laccoci wajen 250 a jami'o'in ƙasashe 10 ya nuna in mace ce ta yi tambayar farko, mata sun fi sakin jiki su yi tambaya bayanta.

In an katse malama, ya ce, "Malam, dakata ta ƙarasa." Ba sai ya yi faɗa ba, in ya yi haka sau uku kowa zai gane. In batun mai nauyi ne, kamar ƙorafi kan wani babba, ya ba kowa takarda ya rubuta ra'ayinsa ba suna.

Wajen kafa kwamiti, kada a jefa mace ɗaya tilo cikin maza tara don a ce an sa mace. A sa biyu ko uku. Kada kuma a ce kullum nasu shi ne kwamitin abinci da tarbar baƙi. A sa su kwamitin kuɗi, da na jarrabawa, da na tsara jadawalin darussa, da na ladabtarwa. Malamar lissafi a tambaye ta kan lissafi, ba sai batun rigar 'yan mata ya taso za a waiwaye ta ba.

Daga ƙarshe, ya tsare mutuncinsu. Macen da wani ke damunta da maganar banza, ko yana neman ta da lalata don yana gaba da ita a muƙami, ba za ta buɗe baki a ɗakin da ya ke zaune ba. Nijeriya ta amince a 2022 da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Ya kamata ko wace ma'aikata ta sami dattijuwa amintacciya da za a kai wa ƙara a asirce, a kuma hukunta mai laifi.

AIKIN AKAWU DA ABOKAN AIKI

Akawu kada ya rena alƙalaminsa. Abin da ya rubuta shi ke shiga fayil, fayil kuwa shi a kan duba ranar ƙarin girma. Ya kan faru malama ta kawo shawara a wuce ta, bayan minti goma wani ya maimaita ta da kakkausar murya a yi tafi, a rubuta sunansa. Wannan ƙwace ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Akawun kirki ya kan rubuta sunan wadda ta fara kawo maganar. Kada kuma ya rubuta "kowa ya yarda" sai an tambayi kowa. Shi kansa aikin rubutun, da raba ruwa da goro, a riƙa yinsa karɓa karɓa tsakanin maza da mata, domin mai rubutu ba ta samun sukunin magana.

Abokan aiki su ma da nasu. Jaridar Washington Post ta ba da labari a 2016 cewa matan da suka yi aiki a fadar Shugaba Barack Obama sun yi wata dabara da suka ga ana tsallake su. In ɗaya ta kawo shawara, sai wata ta maimaita ta, ta ambaci sunan mai ita, har ya zama ba mai iya ɗauke ta ya ce tasa ce. Wannan dabara ba ta gagari namiji mai adalci ba. Abin da zai ce kawai shi ne, "Ina goyon bayan abin da Malama ta faɗa ɗazu."

GA MATA, DA MALAMAN AJI

Ku kuma mata ma'aikata, ku zo taro da shiri. Wadda ta buɗe rajista ta ce ɗalibai kaza ba su zuwa ranar kasuwa, ga sunayen unguwanninsu, da wuya a ture maganarta. Ana iya faɗin gaskiya da ladabi ba tare da an rage mata nauyi ba. Wadda Allah ya ɗaukaka ta zama shugaba, ta tuna ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ta jawo na bayanta, ta ba su dama su yi bayani gaban manya tun ana gaba da su.

Malaman aji kuwa, a hannunku abin ya ke farawa, icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Malamin da ke tambayar wanda ya fara ɗaga hannu kurum, yara maza zai yi ta ji har ƙarshen shekara. Ku ɗan jira kafin ku zaɓi mai amsa, ku kira 'yan mata da suna, ku sa su cikin muhawara, ku naɗa su monita. Yarinyar da ta saba tsayawa gaban aji ita ce za ta tsaya gaban kwamiti.

Mun sani a sama al'amarin yana tafiyar hawainiya. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta tsara manufar ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da gyare gyaren tsarin mulki guda biyar da suka shafi mata, sa'ad da aka rantsar da Majalisar Dattawa a Yunin 2023 kuwa mata uku ne kurum a cikin kujeru 109. Wannan sai 'yan siyasa. Amma ɗakin malamai da ofishin ƙaramar hukuma ba su jiran wata doka.

Saboda haka muna roƙon ko wane mai karanta wannan ya yi wata 'yar jarrabawa a taron da ke tafe. Ya ɗauki takarda ya ja layi a tsakiya, gefe ɗaya maza, gefe ɗaya mata. Duk wanda ya yi magana ya ɗiga masa alama, duk wanda aka katse ya zagaye alamarsa. In an tashi ya ƙirga, ya kwatanta da yawan matan da ke ɗakin, sa'an nan ya kai wa shugabansa takardar cikin ladabi. Gani ya kori ji. Allah ya ba shugabanninmu kunnen saurare, ya ba mu ikon yi wa juna adalci.